Dusar Injin Pak Sumarji

Akwai wani mai injin casar shinkafa a wani ƙauye kusa da garin Blitar, ana kiransa Pak Sumarji. Yankinsu kowa kajin ƙwai yake kiwo, don haka dusar shinkafa ba ta kwana a injinsa.

Da ya ga ciniki ya buɗe, sai ya shiga niƙa ɓuntun shinkafa, wato ɓawonta, yana gauraya shi da dusar. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji. Amsarsa kullum ɗaya ce, wai tun da yake bai taɓa ganin kazar da ta kai ƙara wurin dagaci ba.

Yana da 'ya ɗaya tilo, Rukmini, da ke aure a can garin Tulungagung. Mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu da kaji ɗari huɗu. Kajin nan su ne ci, su ne sha, su ne makarantar yara.

Wata safiya ta kira shi tana kuka. Ƙwai ya ragu da rabi. Wanda ake samu ma ɓawonsa kamar takarda, yana fashewa a hannu. Mai sarin ƙwan ya ce mako ɗaya ya ba ta, in bai gyaru ba ya koma wani gidan.

Hankalin Pak Sumarji ya tashi. Ya hau babur ya tafi. Ya sayo magani kala-kala, ya wanke mazubin ruwa da hannunsa, ya sa aka yi addu'a a masallaci. Kaji na ci kamar ba gobe, amma kullum ƙara ramewa suke. Ran kwana na biyar aka kwashe goma sha ɗaya matattu. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa ba, ga shi yana bin likitar dabbobi har gida yana haɗa ta da Allah.

Likitar ta zo ta dudduba kajin, ta ce babu cuta, a kawo mata abincinsu. Ta damƙi dusar a tafin hannu ta saki, sai ta zube kamar yashi. Ta ce dusa ta gari dunƙulewa take yi. Kaza na son ɗan abu mai kaushi don cikinta ya yi aiki, amma wannan ya wuce ƙima, cikinta a cike yake, jikinta kuwa yunwa yake ji. Da me za ta gina ɓawon ƙwai?

Pak Sumarji ya zabura yana tsine wa duk wanda ya cuci marayu. Ya ce a nuna masa shagon da aka sayo dusar, yau sai an yi ta ta ƙare.

Rukmini ta share hawaye ta ce, "A'a Baba, ba dai dusar ba, likita ta sake dubawa. Akwai shago nan bakin layi, amma ba na saye a wurinsu. Har kasuwar gari nake zuwa, wurin dillalin da ke sari a injinka. Na san ko duniya duka za ta yi algus, ban da kai."

Ya juya buhun dusar. Ga sunansa ɓaro-ɓaro a jiki.

Nan take ya zauna a ƙasa cikin kashin kaji. Ita kuwa ta ci gaba da kare shi a gaban likita, tana cewa wataƙila dillalin ne ya buɗe buhun.

Da ƙyar ya ɗaga kai ya ce, "Bar shi, 'yar nan. Ba dillalin ba ne."

Darasi: Algus ba ya tambayar gidan da zai shiga, kuma wanda ya fi yarda da kai shi ne ya fi shan cutarka. Ka tsarkake abin da kake sayarwa kamar ɗanka ne zai saya. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani, ko Allah zai sa wani ya gyara tun bai zauna a inda Pak Sumarji ya zauna ba.