Katin Zakin Wuta

Akwai wani yaro a Gwandu, Sirajuddeen, wanda ba ya da zance sai na katin dodanni, irin wanda ake samu cikin kwalin biskit. Kowane kati da dodonsa, a ƙasa an rubuta ƙarfinsa: wannan yana aman wuta, wancan yana daskarar da kogi. Sirajuddeen ya tara kowane iri, saura ɗaya, Zakin Wuta. Har tari ya yi don yawan cin biskit, bai dace ba.

Da aka yi hutu, kakarsa Inno ta tafi da shi Kalgo ganin dangi. Can ya tarar da Zakin a hannun Zakariya, ɗan wani malamin makaranta.

Dokar wasan cin katin sananniya ce. Ka ajiye katinka a ƙasa, abokin wasa ya bugi ƙasa da tafi kusa da shi. In iskar bugun ta kifar da katin, ya zama nasa. In hannu ya taɓa katin, bugu ya lalace.

Ranar komawarsu da safe Zakariya ya yarda ya ajiye Zakin. Sirajuddeen ya tattara ƙarfinsa ya buga, kati ya kife. Yara suka kaure da ihu. Zakariya ya miƙa masa, idonsa ya ciko, amma bai yi gardama ba.

Sai dai ƙaramin yatsan Sirajuddeen ya shafi gefen katin. Ba wanda ya gani. Shi kaɗai ya ji.

A tasha, mota ta cika, direba ya tayar. Yaron da ya kamata ya cika wa mutane kunne da surutu ya yi tsit, yana ta zufa.

"Kai, mi ya hwaru?" in ji Inno. "Ko biskit ɗin ya ƙare a duniya?"

"Inno, katin ga ba nawa ba na. Yatsana ya taɓa shi."

"Wa ya gani?"

"Ba kowa."

Inno ta dube shi, sannan ta bugi ƙofar mota. "Direba, tsaya! Jikana yana da saƙo."

Fasinjoji suka hau mita, wai a kan takardar biskit za a tsayar da mutane. Inno ko a jikinta.

Sirajuddeen ya ruga, ya samu Zakariya cikin yaran nan, ya faɗi gaskiya a gabansu duka. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don har ya gama ƙawata yadda zai nuna katin a Gwandu.

Zakariya ya karɓi katinsa, sannan ya ce, "To, bugu ya lalace. Kana da sauran bugu ɗaya."

Ya sake ajiye Zakin. Sirajuddeen ya naɗe yatsunsa, ya buga. Katin ko motsi bai yi ba.

Ya dawo mota hannu wofi. Wani fasinja ya ce, "Iya, duk jiran nan, mi yaron ya samo?"

Inno ta gyara mayafi, ta ɗaga murya yadda har na baya za su ji. "Bai samo komi ba. Mayarwa ya tafi yi. Ku dube shi da kyau, jikana na!"

Darasi: Gaskiyar da ta fi daraja ita ce wadda ka faɗa alhali ba wanda ya gan ka, kuma ka san za ta sa ka yi rashi. Ku tura wa iyaye da yara su karanta.