Tanderun Tabawa da Gardamar Ɗufana

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun fatake ba su gama sanin hanyoyin duniya ba, an yi wani sarki mai suna Tunau ɗan Barau, wanda birninsa, Garun Sama, yake zaune a kan ƙololuwar wani dutse mai tsawon da girgije kan ratsa ta ƙarƙashinsa. Sarakunan gidan ba su yi suna da yaƙi ba, ba su yi suna da kyauta ba. Abin taƙamarsu guda ɗaya ne: wai ko Ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai taɓa dutsensu ba. Kakan Tunau ma har ya sa bayi dubu suka jawo wani faffaɗan dutse zuwa tsakar fada, aka sassaƙa wannan magana a kansa, kuma a kansa ake naɗa kowane sarki.

Ana nan, wata safiya, wata tsohuwa mai gurasa da ake kira Tabawa ta je hura tanderunta, sai ta iske ruwa yana ɓulɓulowa daga gindinsa, mai sanyi, garau. Ta kwashe, ya dawo. Da yake ita mace ce mai gaskiya, kuma gaskiyarta ta fi wayonta yawa, sai ta ɗebi ruwan a ƙwarya ta kai fada. Kafin kwana uku kowane tanderu a birnin ya jiƙe, garun gidaje suka fara tsagewa, mutane suka fara raɗe-raɗin cewa da irin wannan alama Ɗufana ya soma.

Hankalin Sarki ya tashi, amma ba don talakawa ba. Ya tara fada ya ce, "In dutsen nan ya gagari Ɗufana, to ruwan nan sihiri ne, kuma daga gidan matar nan ya fito, hukuncinta kisa. In kuwa Ɗufana ya game duniya duka har da nan, to aya ce daga Allah, ita ba ta da laifi, kakannina ne maƙaryata. Malamai su rarrabe mana. Kafin nan a ajiye ta." Aka zura Tabawa cikin ramin kurkuku, mai zurfin gaba biyar da faɗin kamu huɗu. A ranar ruwan ya riga ya tsattsafo cikin ramin, yana idon sawunta.

Malaman birnin biyu ne, Liman Gwadabe da Alƙali Sambo, kuma wallahi dukansu masana ne masu tsoron Allah, ba zan yi musu ƙage ba. Liman ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ruwa ya game ƙasa duka. Annabin Allah ya roƙi kada a bar kafiri ko ɗaya a bayan ƙasa. In da sauran wurare a bushe, me ya sa aka umarce shi ya ɗauki dabbobi biyu-biyu? Me ya sa ba a ce ya yi hijira ba, sai jirgi?" Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga mutanensa aka aiko shi, kuma waɗanda suka ƙaryata shi aka ce an nutsar. Ƙasarsu ita ce ƙasar da ake nufi. Dabbobin kuwa na amfaninsu ne, don su sami abin farawa. Jirgi ɗaya ina zai ɗauki giwa da toron giwa da duk wani mai rarrafe, har da abincinsu?" Liman ya ce ikon Allah ba a auna shi da kamu. Alƙali ya ce gaskiya ne, amma kuma ba a jingina wa Allah abin da bai faɗa ba. Sai kowannensu ya aika gida a ɗauko masa ƙarin littattafai.

Tabawa tana da ɗa guda, Yahuza, maginin rijiya, mutum ne mai shekara talatin da 'yan kai, marar yawan magana. Kullum yakan kwanta rub da ciki a bakin ramin yana kiran uwarsa, kullum kuma muryarta na ƙara rawa. A rana ta goma, ruwa na gwiwarta, ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Zaki, tsohuwa ce. A fito da ita a saka ni." Sarki ya ce, "Ba kai ka kawo ruwan ba. Kawo mini wanda ya ga Ɗufana da idonsa, in saki uwarka." Fadawa suka yi dariya, don a ganinsu Sarki ya kashe bakin magana.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, 'yar Sarki, Gimbiya Ramlatu, wadda tun tana ƙarama take cin gurasar Tabawa. Ta tare Yahuza a zaure ta ce, "Na ji kakata ta ce a Kwarin Ƙishi, tafiyar kwana tara gabas, akwai busasshiyar rijiya da wata tsohuwar aljana mumina ke zaune a gindinta, wadda ta riski zamanin Ɗufana. Karɓi wannan." Ta miƙa masa wani ƙoƙon tagulla. "Na ɗiga masa ruwan ramin. Yadda ruwa ke hawa a can, haka zai hau a nan. Ran da ya cika, kada ka yi sauri kuma. Ni kuwa duk bayan kwana biyu zan sa a zura mata dutsen niƙa ta taka, har duwatsun gidanmu su ƙare."

Yahuza ya kama hanya. Tafiyar kwana tara ya yi ta a shida, takalmansa suka tsinke, tafin ƙafarsa ya fashe. A Kwarin Ƙishi gorarsa ta ƙare, harshensa ya kumbura, ga ruwa garau a ƙoƙo yana kaɗawa a hannunsa. Sau uku yana kai shi baki yana saukewa, don bai san abin da shan ruwan zai yi wa uwarsa ba, kuma in ya sha ba zai ƙara sanin halin da take ciki ba. Ya yi kuka, amma hawaye bai fito ba.

Da ya sami rijiyar ya ɗaura igiyarsa ya sauka, igiya ta ƙare bai ga gindi ba. Ya dubi ƙoƙo, ruwa ya doshi baki. Ya yi bisimilla ya saki igiyar.

Ya faɗa kan yashi mai laushi, a gaban wata tsohuwa wadda gashinta ya cika rijiyar kamar auduga a rumbu. Ya yi sallama, ta amsa cikakkiya. Ya ce, "Kaka, uwata na nutsewa. Ki gaya mini, Ɗufana ya game duniya ne, ko ƙasar mutanen Annabi Nuhu kaɗai?"

Ta ce, "Jikana, ina yarinya a lokacin, na laɓe a tsakanin katakon jirgin. Na duba gabas ruwa, yamma ruwa, taguwa kamar duwatsu. Amma ban zaga duniya ba. Idona ba shi ne ƙasa duka ba, kuma ba zan yi shaidar zur a kan abin da ban gani ba, ko da uwarka ce."

Yahuza ya durƙushe, ya ji duniya ta yi masa duhu. Ya ce, "Ashe na kashe ta da tafiyar banza."

Ta ce, "Abin da na gani dai zan faɗa maka. Na ga bawan Allah yana buga katako a busasshiyar ƙasa, manyan gari suna zaune a inuwa suna muhawara a kan ko ruwa na iya hawa tudu. Na ga ɗansa ya juya wa jirgi baya ya nufi dutse. Na kuma ga ranar da aka umarci ƙasa ta haɗiye ruwanta, ta buɗe bakuna ta sha. Ban sani ba ko ruwan ya kai dutsenku, amma na san dutsenku yana da irin wannan baki a kansa. Me kuka ɗora masa?"

Nan take Yahuza ya tuna dutsen naɗin sarauta. Shi maginin rijiya ne, ya san gora mai huji a gindi: in ka toshe bakinta da yatsa ruwa ba ya zuba, in ka ɗaga sai ya tsiyaye. Shekara saba'in ruwan damina na shiga cikin dutsen, baki a toshe da dutsen naɗin sarauta. Aljanar ta ciro wata ƙusar katako, baƙa wul, ta ce, "Daga jirgin na cire ta, na daɗe ina neman gafara. Duk nauyin da ka cusa ta a ƙarƙashinsa zai tashi ya yi iyo." Ta hura masa iska, sai ga shi a ƙofar Garun Sama, ruwan ƙoƙo saura ƙiris ya kai baki.

Ya shiga fada da gudu, ya iske malamai a rana ta goma sha bakwai ta gardama, muryoyinsu sun dushe. Ya faɗi duk abin da ya ji, bai ƙara ba bai rage ba. Sarki ya ce, "To ba ka kawo hukunci ba. Kuma kana so in tumɓuke dutsen kakannina a kan maganar aljana?"

Gimbiya Ramlatu ta fito, hannuwanta duk sun ɗaɗɗaye da jan igiya, ta ce, "Baba, duwatsun niƙa sun ƙare tun jiya. A kan yatsun ƙafa Tabawa take tsaye, ruwa na haɓarta. In ta mutu, ba Ɗufana ne ya kashe ta ba, kai ne."

Liman ya dubi Alƙali, Alƙali ya sunkuyar da kai. Liman ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mun saɓa a kan faɗin ruwan, kuma magabata ma sun saɓa. Amma ba mu saɓa a kan jinin matar nan ba. Tun ranar fari ya kamata mu faɗa, daɗin gardama ya ɗauke mu." Sarki ya daɗe yana kallon rubutun kakansa, sa'an nan ya kawar da fuska ya ɗaga hannu.

Yahuza ya cusa ƙusar, dutsen da bayi dubu suka jawo ya tashi ya kife gefe. Aka ji dutsen Garun Sama duka ya ja numfashi, sai ƙarar ruwa na gangarawa can ciki. A cikin dutsen da ya kife kuwa, ga kwanson katantanwa da ƙayar kifi sun daskare sun zama dutse. Liman ya buɗe baki zai ce ga hujjarsa, Alƙali ya buɗe nasa zai ce wannan ruwa ne dai, ba a san na yaushe ba. Sai suka ga Yahuza yana gudu wajen rami, suka tattare riguna suka bi shi, su ne suka riƙe masa igiya.

Ya fito da uwarsa a goye, fatarta ta yi fari, ƙafafunta sun mutu, ba ta ƙara takawa ba har ƙarshen ranta. Sarki ya durƙusa a gabanta a bainar jama'a ya nemi gafara, ya hana a mayar da dutsen. Kowane tanderu ya bushe, aka gyara garuka. Da damina ta wuce Ramlatu ta gaya wa ubanta wanda take so, aka ɗaura aurenta da Yahuza, Liman ya ɗaura, Alƙali ya yi shaida.

A wajen walima, ana cin gurasar da Tabawa ta yi a zaune, sai malaman nan suka koma tsohuwar hirarsu a hankali, kowa na rufe zancensa da Allah ne mafi sani. Sarki ya juya ga surukarsa, cikin ladabi ya ce, "Iya, ke me kika gani? Ruwan ya game duniya?"

Tabawa ta dubi ƙafafunta ta ce, "Ranka ya daɗe, na Annabi Nuhu ban sani ba, sai malamai. Nawa dai faɗinsa kamu huɗu ne, kuma kwana goma sha bakwai ban ga busasshiyar ƙasa a duniya ba."

Nan labarin ya tsaya, kamar yadda na ji shi.