Tsibirin Kada da Dorina

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Kada da Dorina maƙwabta ne a wani kogi, shi a gaɓar gabas, ita a ta yamma. A tsakiyar kogin akwai wani ɗan tsibirin yashi, ba mai zama a kai sai Agwagwa da ƙwayayenta. Kada ya ce gadon kakansa ne, Dorina ta ce kakarta ce ta fara shan hantsi a wurin.

Ba su taɓa faɗa ba. Kullum da safe dai kowa zai fito ya kewaye tsibirin, don kar a ce ya bar wa ɗayan. In sun haɗu su gaisa.

"Ina kwana, Yaya Dorina? Kin leƙo tsibirina?"

"Lafiya lau, Malam Kada. Nawa na zo dubawa."

Igiyar ruwan da suke tayarwa kuwa tana ta cin yashin. Agwagwa ta je wurin Kada ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ku rage kewayen nan, ruwa ya kusa cin sheƙata."

"Ta fara dainawa, sai in daina."

Dorina ma haka ta ce.

Wata safiya suka fito, ba tsibiri, sai ruwa. Ga Agwagwa tana wucewa da 'ya'yanta.

Kada ya ce, "Wa ya ɗauke shi?"

"Ku kuka raba, ranka ya daɗe. Rabi ya bi bayanka, rabi ya bi bayanta."

Kada ya dubi Dorina ya ce, "To, ruwan da ke wurin nawa ne."

Har yau suna nan suna kewaye.

Ƙurunƙus, ta bi ruwa ta tafi.