Kwanar da Aka Bari Don a Gwada

An yi wani mutum a nan cikin duwatsunmu na Bosniya. Ba zan kama sunansa ba, don danginsa suna nan da rai. Ɗan ƙauye ne kamar ni da ku. Ya yi kiwon tumaki, ya faskara itacen hunturu, sai Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa, ya tafi jami'a a birni har ya zama malami mai binciken haɗarin mota. Aikinsa ke nan: a ina motoci suke kifewa, me ke kifar da su, wane ƙashi ya fi karyewa, wa ya cika nan take, wa ya kai asibiti.

Aiki ne mai kyau, ya 'yan uwa. Kada wani ya tashi daga nan ya ce na zagi ilimi. Ni mai maganar nan ina da yara a makaranta, kullum roƙona su wuce inda na tsaya. Amma tun da na san labarin nan hankalina bai kwanta ba.

A gangaren ƙauyensu akwai wata muguwar kwana. Hanya ta gangaro, sai ta karye lokaci guda, gefenta kwazazzabo, babu abin da zai tare mota. Duk gidan da ka shiga a ƙauyen akwai wanda kwanar nan ta taɓa.

Wata shekara hukumar hanya ta ce za ta kafa shingen ƙarfe a wasu kwanoni, amma ba duka ba. Aka kira mutumin nan aka ce shi ya zaɓa, tunda shi ne masani.

To, masu irin aikinsa suna da wata hanya da suke bi. Idan suna so su nuna wa duniya cewa shinge yana ceton rai, bai isa su ce mun gani ba. Sai sun nemi kwanoni biyu masu kama da juna, a gyara ɗaya, a bar ɗaya yadda take, a jira wasu shekaru, sannan a gwada. Mutumin nan kuwa yana neman kujerar farfesa, kuma irin wannan binciken ne zai ba shi ita.

Ya duba, ya duba, bai sami kwanar da ta dace a bari kamar ta ƙauyensu ba. Akwai wata a kwarin da ke bayan dutse, kamar an tsaga su biyu. Ya ce wa kansa: in na sa tamu a gaba, za a ce na yi son kai. Ya kuma ce wa kansa: in binciken ya fito, dubban rayuka za su tsira a ƙasa baki ɗaya. Duka biyun gaskiya ne. Kujerar ma tana nan a gefe, ba ta cewa komai. Dalilan suka cakuɗe masa har shi kansa bai san wanne ne ya riƙe alƙalamin ba. Aka kafa wa mutanen bayan dutse shinge, aka bar tasu.

Da ya zo gida, kawunsa Hajrudin, wanda shi ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsa, ya zuba masa gahawa ya ce, "Dakta, kai da ake nuna ka a talabijin, ɗan guntun ƙarfe ya gagare ka? Ko sai mun yanka maka rago?"

Ya yi dariya ya ce ai ya yi iya ƙoƙarinsa, hukuma ce ta ce sai nan gaba. Kawu ya gyaɗa kai, ya zagi hukuma, suka ci gaba da hira. Wannan ce ƙaryar farko, kuma ba ta yi masa nauyi a baki ba.

Mutanen ƙauye ba su zauna jira ba. Bazara na shigowa Kawu Hajrudin ya kira gayya. Aka sare itatuwa, aka haƙa ramuka, aka kafa gungume a bakin kwazazzabon, aka jera tsofaffin tayoyi aka shafe su da farin fenti. Mata suka kawo pita, gurasarmu mai nama, da madarar tsami. Ana cikin aikin ne mutumin nan ya iso da motarsa.

Sabit, direban ƙaramar bas ɗin da ke kai matan ƙauyen kamfanin ɗinkin takalma, ya hango shi ya ce, "Ga mai gayya da kansa, ya zo bayan an gama. Zo ka auna mana, Dakta, mu ji ko mun ci jarrabawa. In mun faɗi kada ka gaya wa matata."

Kowa ya yi dariya. Mevlida, yayar mutumin nan, ta miƙa masa pita mai zafi ta ce ya ci, ya rame a birni. Ya karɓa, ya ci, bai ji ɗanɗanonta ba. Yana kallon gungumen nan yana ganin aikinsa na rushewa. Kwanar da ya bari don a gwada, ga shi an taɓa ta. Da me zai gwada yanzu?

Ya koma birni ya kasa zama. Sai wani tunani ya zo masa da fuskar alheri. Ai shingen katako ba ya kan ƙa'ida. Ai gungume yana iya huda mota ya kashe na ciki. Ai doka ta hana kowa kafa abu a gefen hanyar gwamnati. Ya ɗauki waya ya kira ofishin hanya, ya faɗa musu haka.

Ya 'yan uwa, gaskiya ya faɗa. Amma don gaskiya ya faɗe ta? Nan ne kaina yake kullewa. Ni na saba da zunubin da ake gani da ido: wannan ya sha, wancan ya sata. Wannan fa? Kowace kalma tasa daidai ce, kuma duk da haka hannunsa ne ya tumɓuke gungumen.

Ma'aikata suka zo da babbar mota suka kwashe komai. Kawu Hajrudin ya tsaya a hanya yana tambayarsu wane laifi katako ya yi. Suka ce umarni ne daga sama.

Kaka ta zo, sanyi ya fara daskarar da raɓa a kan kwalta. Wata safiya Sabit ya gangaro da matan, ya taka birki, motar ta ƙi ji. Ta zame ta wuce ta daidai inda ramukan gungumen suke, ta faɗa ƙasa.

Aka kira mutumin nan yana ofis. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Mutum nawa?" Sai da ya ji kansa, sannan ya ce, "Su wa?" Mata biyu sun rasu. Sabit ya rasa ƙafa. Mevlida ma tana cikin motar, ta karye a gadon baya, likitoci suka ce ba za ta ƙara takawa ba.

Ya je asibiti ya zauna a gefen gadonta. Ba ta zarginsa da komai. Ta kama hannunsa ta ce, "Auta, kai ka san mutanen nan. Fahimtar da ni, me ya sa suka cire mana katakon? Na yi tunani har na gaji, ban gane ba."

Da ya yi shiru da an wuce wurin. Da ya faɗi ƙasa ya ce Yaya ni ne, ki yafe mini, da wataƙila labarin ya zama wani. Bai yi ko ɗaya ba. Bayani ya shiga yi mata. Ya gaya mata yadda ake bincike, yadda ake gyara ɗaya a bar ɗaya, yadda rayuka da yawa za su tsira nan gaba. Yana magana yana jin kamar in ta gane, shi ma zai gane. Ta saurare shi har ya kai ƙarshe.

Sai ta ce, "Wato mu ne waɗanda aka bari."

Ya ce ba haka ake faɗa ba.

Ta ce, "To yaya ake faɗa?" Ta zare hannunta, ta juya fuska ga bango.

Magana ta bazu a ƙauye. Jami'a ta zauna a kan batun ta ce bai karya wata doka ba. Hukuma ta yi maza ta kafa shingen ƙarfe. Littafin bincikensa ya fito, aka ba shi kujerar da yake nema, aka tafa masa a ƙasashen waje.

Amma tambaya ɗaya ta hana shi sakat: da gungumen suna nan, da sun tare motar? Ya zauna ya lissafa nauyin motar da gudunta da ƙarfin katako. Yau lissafi ya ce da sun tare. Gobe ya ce da ba su tare ba. Ya sake, ya sake. Ya fara tsayawa a tsakiyar darasi yana tambayar ɗalibai su nuna masa inda kuskuren yake, su kuwa suna kallon juna.

Ya riƙa zuwa ƙauye yana bin gidajen mamatan da niyyar neman gafara. Da an ba shi kujera sai ya ɓige da bayani. Mijin ɗaya daga cikin matan ya ce masa, "Dakta, ka zo ta'aziyya ne ko ka zo koyar da mu?" Daga baya aka daina buɗe masa ƙofa. Mevlida ba ta sake kiransa Auta ba, ba ta sake kiransa da komai ba. Ya bar aiki. Ya rame, ya zama mai magana shi kaɗai a hanya. Ba a jima ba zuciyarsa ta tsaya, aka kawo gawarsa gida.

Aka jeru a farfajiyar masallaci. Liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi a kan kowace gawa kafin a ɗauke ta: "Jama'a, kun yafe masa?" Abokansa na birni suka amsa a hankali. Sahun mutanen ƙauye shiru, kowa na kallon takalminsa. Liman ya rasa yadda zai yi, ya sake tambaya.

Sai Kawu Hajrudin, ya tsufa yana dogara sanda, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ni na yafe nawa. Na waɗanda ke kwance a can ba a hannuna yake ba."

Haka aka ɗauke shi.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai ɗaga wa kowa wuƙa ba. Ya dai ɗauki bayin Allah ya mai da su abin awo, bai tambaye su ba, bai gaya musu ba. Ya lulluɓe son zuciyarsa da dalilai masu kyau har ya ɓace wa kansa. Da ranar cewa na yi laifi ta zo, girman kai ya sa masa bayani a baki maimakon tuba.

Har yau ban san ko katakon nan zai tare motar ba. Ban san rayuka nawa littafinsa ya ceta ba, ana cewa ya ceta. Wannan awon yana wurin Allah. Abin da na sani, ba a ba ɗayanmu izinin zaɓar wanda za a bari ba. Ku da ke da yara a makaranta kamar ni, kada ku tambaye su sakamako kawai. Ku koya musu faɗin "ni ne, ku yafe mini" tun harshensu bai yi nauyi ba.

Allah ya kiyaye mu da ilimin da ke makantar da zuciya. Allah ya kiyaye mu da haƙƙin waɗanda ba za su iya yafe mana ba. Allah ya tsare 'ya'yanmu a kan hanya, ya tsare mutane daga sharrinsu. Amin.