Inda Hannu Ba Ya Kaiwa

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙwazo, wanda bai taɓa zuwa ƙofar kowa neman aron ko da fartanya ba. Yana da mata mai suna Kande. 'Ya'yansu sun girma sun watse, wannan tana gidan aure, wancan yana birni, gida ya koma daga shi sai ita.

Wata shekara sai wani abu ya fito masa a gwiwar hannu. Fatar wurin ta yi kauri, ta yi fari-fari, tana zuba kamar dusa. Ga ƙaiƙayi, in ya sosa kuma sai jini. Kafin damina ta zagayo abin ya kama gwiwoyin ƙafa, ya hau kai, ya bazu a baya. Mutanen gari kuwa kun san su, kowa likita ne muddin ciwon ba a jikinsa yake ba. Wannan ya ce kirci ne, wancan ya ce makero, wata tsohuwa ta rage murya ta ce kuturta. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta shiga kunnen manomin ta zauna.

Kande ta yi ta matsa masa har suka je asibiti. Likita ya duba, ya ce ba kuturta ba ce, ciwon fata ne da ake kira soriyasis, kuma ba a ɗaukarsa, ko da za a ci a kwano ɗaya ko a kwana a tabarma ɗaya. Ya faɗa musu gaskiya cewa ba ya rabuwa da mutum gaba ɗaya, yakan lafa yakan taso, amma ana iya zama da shi. Ya ba shi maganin shafawa, ya ce ya riƙa bin fatar da mai safe da yamma kada ta bushe, ya bar dirza da soso, ya bar susa, ya riƙa ɗan shan hantsi, ya rage sa damuwa a ransa, ya kuma riƙa dawowa a duba shi.

Suka koma gida da sauƙin zuciya. Amma wata safiya manomin ya fito ya ga Kande tana kakkaɓe tabarmarsu, ɓawon fatarsa yana zuba ƙasa, ta sa tsintsiya ta share. Ba ta ɓata fuska ba, waƙar sujada ma take yi a hankali. Shi kuwa sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A ranar ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin da suke ajiye kayan noma. Ya sa riga mai dogon hannu, ya rufe ta har wuya, ko a tsakiyar gona ba ya cire ta.

Kowace safiya Kande takan narkar da man kaɗe a ɗan ƙoƙo, ta kawo masa tare da maganin. Sai ta ce, “Maigida, cire rigar in shafa maka.”

Shi kuma ya ce, “Ajiye nan, zan yi da kaina.”

Ya kuwa yi. Duk inda hannunsa ya kai, fata ta yi laushi, ƙaiƙayi ya ragu. Amma akwai wuri guda a jikin ɗan adam, can tsakiyar baya tsakanin kafaɗu, wanda mai jikin ba ya gani, hannunsa kuma ba ya kaiwa. A nan ciwon ya samu wurin zama. Manomin ya nemo sanda ya ɗaura mata tsumma, yana tsomawa a mai, yana ta murɗe-murɗe shi kaɗai a ɗaki. Da za ku leƙa ku gan shi da kun yi dariya, sa'an nan dariyar ta tsaya muku a wuya. Sandar takan kuje shi, ciwon nan kuwa duk inda fata ta ji rauni can yake bi. Lokacin sanyi bayan ya tsattsage, riga ta manne a jiki, sai ya jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta fita. Kande ce mai wanke rigunan, saboda haka ta ga jinin, ta san kome.

Wata rana ta tsaya a bakin ƙofa da ƙoƙon a hannu, ta ce, “Maigida, ko na yi maka wani laifi ne?”

Ya ce, “Ba ki yi kome ba.”

Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta amfane ta da kome ba. Shi a ganinsa yana raga mata ne, kada ta ga abin ƙyama. Ita kuwa a ganinta mijinta ya gaji da ita. Haka suka zauna shekara da shekaru a gida ɗaya, suna ƙaunar juna, kowa yana baƙin ciki a ɗakinsa. Daga baya ta daina tambaya. Sai ta ajiye ƙoƙon a bakin ƙofa ta juya.

Ana nan sai ciwo ya kwantar da Kande. Aka kai ta asibiti aka dawo, jiki bai yi daɗi ba, kullum sai ramewa take yi. A nan manomin ya nuna irin mutumin da yake. Ya bar gona, ya ɗebo ruwa, ya koyi dama kunu da tsufansa. Shi ke ɗaga ta, shi ke yi mata wanka, shi ke wanke zanen da ta ɓata, ko sau ɗaya bai yamutsa fuska ba. Bayarwa kam ya iya ta sarai.

Wata safiya, bayan ya gama gyara ta, sai ta riƙe bakin rigarsa ta ce, “Maigida, ni ka ga nawa duka, ban ɓoye maka ba. Ɗauko man nan, ka juya mini baya.”

Wannan karon bai ƙi ba. Ya ɗauko ƙoƙon, ya zauna a bakin gadon, ya cire rigar a hankali domin ta manne. Kande ta daɗe tana duban bayan. Sa'an nan ta tsoma yatsu a mai ta fara shafawa. Hannun ba ƙarfi. Wurin da ta shafa bai wuce faɗin tafi ba hannun ya faɗi a kan zane.

Ta ce, “Ai ba wani abu ba ne. Da ma a ce lokacin da nake da ƙarfi ne.”

Bai juyo ba, gama hawaye sun cika masa fuska. Washegari ta sake shafawa, da 'yan kwanakin da suka biyo, har ranar da hannun ya kasa ɗaguwa. Kafin a yanke gero Ubangiji ya kira ta gida.

Da masu gaisuwa suka watse, manomin ya ɗauki ƙoƙon da rana tsaka ya nufi gidan ƙanensa. Ya zauna a kan tabarma ya cire riga. Ƙanen ya duba ya ce, “Yaya, da wannan kake fama duk shekarun nan?” Sai ya wanke hannu ya shafa masa. Haka suka riƙa yi safe da yamma. Cikin 'yan makonni tsagar ta rufe, ɓawon ya ragu, har manomin ya iya kwanciya rigingine. Ciwon bai tafi ba, amma ya lafa. A lokacin nan ne kuma baƙin cikinsa ya fi tsanani, domin ya ga abin da ya raba shi da matarsa aikin ɗan lokaci ne kaɗan kowace safiya.

Ma'anar misalin nan ita ce, 'yan'uwa, kowannenmu yana da tsakiyar baya. Akwai ciwon da Ubangiji yakan ɗauke, akwai kuma wanda yakan bari mu zauna da shi, ya ba mu magani da haƙuri da mutane. Manomin ya karɓi magani, ya yi haƙuri, amma ya ƙi mutane. Ya kira abin kunya, ni kuwa ina ce muku girman kai ne ya sa rigar kunya. Mutumin da zai wanke ƙazantar wani amma ba zai yarda a ga tasa ba, yana cewa ne shi kaɗai ya iya ƙauna.

Ciwon fata ba zunubi ba ne, ba la'ana ba ce. Ku yara, in kun ga wani da irin wannan a jikinsa, kada ku matsa daga benci, kada ku janye hannu in ya miƙo nasa, gama kalma ɗaya ta tsohuwar nan ta yi ɓarna fiye da ciwon. Ku manya kuma, na san akwai masu zuwa sujada da riga a rufe har wuya, a gaishe su su ce lafiya lau, alhali abin da ke ƙarƙashi yana jini. Na wani ciwo ne, na wani baƙin ciki, na wani abin da ba ya iya faɗa ko a cikin addu'a. Allah ya riga ya gani, bai kuwa yi ƙyama ba. Sau da yawa in zai taɓa wurin, da hannun wanda yake kusa da kai yakan taɓa.

Abin da ya fi ba ni tausayi a misalin nan Kande ce, wadda aka hana ta yin alherin da take marmarin yi har ƙarfinta ya ƙare. In akwai wanda yake tsaye a bakin ƙofarka yana roƙo ka bari ya taimake ka, ka sani shi ma mutum ne, kwanakinsa ba a hannunka suke ba. Ka amsa masa yau.