Wa Ke Kai Sirrin Gidan Belmiro Fesbuk?

Akwai wani dattijo a layinmu, nan Barreiro a ƙasar Fotugis, sunansa Belmiro. Shekara talatin da huɗu ya yi yana aikin jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya. Ba mugun mutum ba ne, amma tun da ya sayi babbar waya ya zama wani abu daban.

Muna da zauren Fesbuk na mutanen unguwa. An buɗe shi ne don cigiyar kyanwa da ƙorafin shara, amma sannu a hankali ya koma filin faɗa a kan baƙi, musamman 'yan Brazil da suka cika gidajen haya. Wasu su ce a kore su. 'Yan Brazil su ce a fara dawo musu da zinariyar da Fotugis suka kwashe daga ƙasarsu lokacin mulkin mallaka. Belmiro kullum yana sahun gaba.

Matarsa, Dona Odete, ta kamu da shanyewar ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta daɗe tana kokawa da ita. Belmiro yana sonta, sai dai ba shi da haƙurin jira. Da ta fara magana zai ƙarasa mata, ko daidai ko ba daidai ba, ya koma kan wayarsa.

Mai kula da ita wata 'yar Brazil ce, Jaciara. 'Yar ƙabilar Terena ce, mutanen da suke zaune a can tun kafin jirgin Fotugis na farko ya isa. Ƙarfe takwas tana bakin ƙofa. Ta yi wa Odete wanka, ta ba ta magani, ta motsa mata gaɓoɓi, da azahar ta wuce wasu gidaje biyu da take yi wa irin wannan aikin.

Wata Talata Belmiro ya rubuta a zauren: "Kakanninmu ne suka kai musu rubutu da addini. Kafin mu je, a daji suke. Yau sun zo suna yi mana rashin kunya a ƙasarmu."

Washegari wani shafi marar hoto, mai suna "Maƙwabciya", ya amsa masa: "Wadda kuka kai wa rubutun ita ce take karanta maka takardar magani kullum, tunda ka ƙi yarda kana bukatar tabarau."

Mutane suka yi ta dariya. Belmiro bai yi ba. Ya karanta sau uku, sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙofar banɗaki, inda ake jin Jaciara tana zuba ruwa.

A shagon kofi na Custódio, abokinsa tun na yarinta, aka sa shi gaba.

"Farfesa ya iso! Ku ba shi kujera kusa da haske, ba ya gani sosai."

"Ka daina wasa, Custódio. Wannan maganar daga cikin gidana ta fito."

"Haba, wa bai san ba ka gani ba? Jiya gishiri ka zuba a kofi."

"Maganar takardar magani fa? Wa ya san wannan?"

Custódio ya ci gaba da goge kantar shagonsa.

Bayan kwana biyu Belmiro ya sake rubutu, ya ce duk wanda ya shigo ƙasar mutane ba takarda ɓarawo ne. Maƙwabciya ta amsa: "Mahaifinka da ya tsallaka Faransa a ƙafa ta kan duwatsu, wace takarda ya nuna?"

Wannan ta taɓa shi. Ba ya faɗa wa kowa labarin nan. Wasiƙun mahaifinsa suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, gadon da Jaciara take gyarawa kowace safiya.

Daga ranar ya fara sa mata ido. Idan ta shiga ɗaki, ya laɓe a bakin ƙofa. Idan ta ajiye wayarta a tebur, ya zagaya ya leƙa. Ya ɗora zare a murfin akwatin don ya gane ko an buɗe. Zaren bai motsa ba, amma ya ce wa kansa wayo ne da ita, ta gani ta mayar. Ko gaisuwarta ta fara ba shi haushi. "Ina kwana, Seu Belmiro," in ji ta, wato Malam Belmiro, shi kuma ya riƙa neman izgili a cikin muryarta.

Sai ya haɗa tarko. Ranar Alhamis ya tsaya a kicin, Jaciara tana yanka kabeji, ya ɗaga murya kamar yana waya: "E, na yanke shawara, zan tsaya takarar shugaban ƙungiyar unguwa. Amma kada ka faɗa wa kowa." Ƙarya ce, babu kowa a layin wayar.

Juma'a da safe Maƙwabciya ta rubuta: "Na ji wani zai nemi shugabancin unguwa. Ya fara da wanke kofin da ya sha tukuna."

Belmiro ya buga tebur. "Na kama ki!"

Bai tambaye ta ba. Da ta tafi, ya nemo hotonta na bikin zagayowar ranar haihuwar Odete, ya sa a zauren da cikakken sunanta. Ya rubuta cewa wannan ita ce Maƙwabciya, tana shiga gidajen tsofaffi tana binciken akwatuna tana kai sirri waje, kuma a tambaye ta ko takardunta na gaskiya ne.

Ya karanta wa Odete da alfahari. Fuskarta ta canza, ta fara buga hannun kujera da hagu.

"Ni... ni..."

"Na sani, ke ma ta cuce ki. Kwantar da hankalinki, na gama da ita."

Asabar da Lahadi Maƙwabciya ba ta ce uffan ba, Belmiro ya ce ga shaida nan. Mutum fiye da ɗari biyu suka yaɗa hoton. Gidaje biyun da Jaciara take yi wa aiki suka aiko mata saƙo kada ta sake zuwa. A tashar mota wani ya tofar da yawu kusa da ƙafarta ya ce ta koma daji. Odete kuwa ta ƙi cin abinci, tana ta nuna wayarta da ke kan tebur. Belmiro ya ɗauka bidiyon girki take so, ya ga cajin ya ƙare, bai san inda ake ajiye caja ba, ya ce ta yi haƙuri.

Litinin ƙarfe takwas Jaciara ta buga ƙofa. Ta miƙa masa mabuɗi.

"Ba ni ba ce, Seu Belmiro."

"To wace ce? Aljana?"

Ta dubi falo ta kan kafaɗarsa, ta dawo da idonta.

"Ni ban ma shiga zaurenku ba," in ji ta. "Ku kuna cewa kun kai mana wayewa. 'Yan ƙasarmu suna cewa ku dawo musu da zinariya. A ƙasar wa aka haƙa zinariyar? Babu wanda ya taɓa tambayarmu, daga ku har su. Gonar kakana shanun wani ne a ciki yanzu, kuma ba Bafotugise ba ne ya kore shi. Faɗanku ne, ni aiki na zo yi."

"Ga shi kin iya magana! Irin rubutun ke nan."

"Ka bar ni in yi wa Dona Odete sallama."

Ya kauce. Ta durƙusa gaban Odete, ta gyara mata bargo, ta sumbaci goshinta. Ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko caja ta sa mata waya kamar yadda ta saba, ta ajiye kusa da hannun hagu. Sannan ta fita.

Belmiro ya wuni yana fama. Ya ƙona miya, ya kasa gane wace ƙwaya ce ta rana. Wajen la'asar yana zaune a falo wayarsa ta yi ƙara. Maƙwabciya ce, amma wannan karon da hoto: rabin fuska, a karkace, an ɗauka da hannu mai rawa. Ya kawo wayar dab da hancinsa.

"Ni ce Odete, matar Belmiro shekara arba'in da ɗaya. Ni ce Maƙwabciya. Jaciara ce ta koya mini rubutu da yatsan hagu don hannun ya yi ƙarfi. Ta san ni ce, na roƙe ta kada ta faɗa, kuma ba ta faɗa ba har aka kore ta. A gida ba a jira in gama magana. A nan ana jira. Laifina ne da na ɓuya. Ku bar ta."

Ya juya a hankali. Taku biyu ne tsakaninsu. Wayar tana kan cinyarta, yatsanta har yanzu yana kan gilashin. Tun safe take haɗa waɗannan kalmomi, harafi bayan harafi, yana wucewa ta gabanta yana ɗauka kallon girki take.

"Odete, me ya sa ba ki..." Sai ya tsaya. Ya tuna Juma'a, da ta ce "Ni... ni..." shi kuma ya ƙarasa mata.

Ta buɗe baki. Ya ji harshensa yana ƙaiƙayin ƙarasa mata, ya danne. Ya yi kusan minti guda yana jira.

"Je... ka... ne...mo ta."

Washegari ya hau mota zuwa ɗakin da take haya a bayan kasuwa. Ba ta ce ya shigo ba. Ya tsaya a matakala da hularsa a hannu, ya ce ta yafe masa.

"A nan ka zage ni?" ta tambaye shi.

"A'a."

"To je ka faɗa a inda ka faɗi wancan."

Ya je ya rubuta. Ya ce ya yi mata ƙarya, ba ta taɓa akwatinsa ba, takardunta lafiya lau, kuma gaskiya ne mahaifinsa ya shiga Faransa ba takarda, ya kwana a rumfar kwano shekara uku. Mutum ɗari biyu suka yaɗa zagin. Ban-haƙurin, mutum goma sha tara. Custódio ne ya buga shi a takarda ya manna a ƙofar shagonsa, ya ce, "Da manyan haruffa na sa, Farfesa, don kai ma ka iya karantawa."

Gida ɗaya ya nemi Jaciara ta dawo, ɗayan ko amsa waya bai yi ba. Amma shugabar wani gidan kula da tsofaffi ta ga rubutun Odete, ta ce mai riƙe amana haka take nema, ta ɗauke ta aiki na dindindin.

Belmiro ya roƙe ta ta dawo gidansa. Ta ce a'a, kuma ba ta sake shawara ba. Mata uku aka gwada bayanta, babu wadda ta yi wata guda. Yanzu shi yake ɗaga Odete daga gado, bayansa yana ciwo, shi yake mata wanka.

Jaciara tana zuwa ranar Lahadi, amma ba aiki take zuwa yi ba, wajen ƙawarta take zuwa. Su zauna a falo su biyu, Odete tana jan kalmominta ɗaya bayan ɗaya, Jaciara tana jira. Belmiro ya kawo musu kofi, ya koma kicin ya ja ƙofa. Wani lokaci yana jin suna dariya, bai san a kan me ba, kuma bai isa ya tambaya ba.

Darasi: Zargi ba hujja ba ne, kuma idan ka riga ka tsani mutane, duk abin da ka gani zai zame maka shaida a kansu. Kafin ka sa hoton wani a intanet, ka tuna cewa ban-haƙurinka ba zai kai inda zaginka ya kai ba. Kafin ka koya wa duniya tarihi, ka saurari wanda ke zaune kusa da kai har ya gama maganarsa. Ku tura wa 'yan zaurenku, musamman wanda yatsansa ya fi kunnensa sauri.