Ƙwaryar Sarki da Ta Koma a Cike

Ku gafarta mini, farkon wannan hikaya ya zube daga kaina. Sunan ƙasar ya tafi, na Sarkin ma ya bi shi. A bakin malamina na ji ta, Allah Ya jiƙansa, ko a zaurensa ko a hanyar wata kasuwa. Abin da ya rage shi zan ba ku.

A zamanin da, an yi wani Sarki mai tsananin ƙaunar Sarkin Gininsa, wani dattijo da ake kira Mazadu. Sai ciwo ya kama Mazadu a ciki, kumburi mai tauri kamar dutse. Masu magani suka gaya wa Sarki a asirce cewa ba zai tashi ba, amma aka ɓoye wa mai ciwon. Sarki ya ba da umarni a kwantar da shi a fada, a riƙa ba shi jiƙon zaƙami safe da yamma don kada ya ji zafi.

To, a al'adar ƙasar, maganin da ya fito cikin ƙwaryar Sarki ba ya komawa. Wanda ya mayar da ita a cike ya yi tawaye, sai a tuɓe masa rawani, a kori iyalinsa daga gari.

Kwana uku Mazadu yana sha, bai san gabas ba balle salla. Ran na huɗu ya farfaɗo, ya ture ƙwarya, ya ce, "Ku mayar masa da abinsa."

Aka ɗauko shi a kan gado har gaban Sarki. Sarki ya ce, "Baba Mazadu, ka san hukuncin abin da ka yi?"

Mazadu ya ce, "Allah Ya ba ka nasara, yaya ba zan sani ba? Ni na gina ƙofar da ake fitar da korarru. Shekara arba'in, in bango ya tsage, nakan gaya wa mai gida gaskiya, shi ya zaɓa a tokare ko ya kwashe kayansa. Ni kuwa an tokare ni ba a tambaye ni ba. Na san tafiya zan yi, tun ran da masu maganinka suka daina kallon idona."

Sarki ya ce, "Zafin nake jiye maka."

"Zafin nawa ne, ranka ya daɗe, kuma na fi son sa da wannan maye. In ya fi ƙarfina, da bakina zan roƙa." Sai ya kwance rawaninsa, ya ajiye. "Ga naka. Hankalina kuwa ba kai ka naɗa mini ba. A kai ni gida."

Sai Waziri Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah Ya taimaki Sarki, alƙali ba ya hukunci sai ya ji shaida. Ga shaidar nan cikin ƙwarya. Ludayi ɗaya ya isa."

Sarki ya harare shi, sa'an nan ya kurɓa. Daga hantsi har washegari bai san kansa ba, ya yini yana kiran Waziri da sunan dokinsa. Da ya dawo hayyacinsa aka ce masa salla biyar ta wuce shi.

Ya sa aka yi shela: daga yau a gaya wa mai ciwo gaskiya, a tambaye shi abin da yake so. Wanda ya nemi jiƙo a ba shi, wanda ya mayar da ƙwarya ba shi da laifi. Ya naɗa wa Mazadu rawaninsa da hannunsa, aka kai shi gida.

Daga baya na haɗu da wani tsohon magini daga zuriyar Mazadu, na tambaye shi. Ya tabbatar mini Mazadu ya yi kwana goma sha tara a zaurensa, kuma ran da zai cika sai da ya yi wa babban ɗansa faɗa saboda ya kwaɓa ƙasa bai sa isasshiyar ciyawa ba.